Runhun da Ba Shi da Gindi

Tun da aka hana tsinkar ganye a daji, a Ofishin Tsirrai ake karɓar magani. Can Tabawa ungozoma ta nufa da hantsi, don jikarta Lantana ta haihu, jikin ya ƙi daɗi, kuma a gidansu da ganyen runhu ake wankan jego.

Ma'aikacin ya danna inji, ganye ya zubo cikin kwando, kore shar. Tabawa ba ta taɓa ba. Ta kwance bakin zanenta, ta juye gero a tafin hannu.

"Ɗan nan, kai ni gindinsa tukuna. Mu ba ma ɗibar runhu sai mun yi masa sallama, mun zuba masa gero. In ba haka ba, maganin ba ya ci."

"Iya, ai ba shi da gindi," in ji shi, yana kau da kai. "Na ƙarshen ya bushe tun ina makaranta. Ganyensa guda inji ke ta maimaitawa."

Ta riƙa ɗaga ganyen ɗaya bayan ɗaya. Kowanne da hudar tsutsa a gefe, wuri ɗaya, girma ɗaya.

"Furen fa? Mai ruwan ɗorawar nan?"

"Ba a cim masa ba, Iya."

Ta ƙulle ganyen, don mai jego na jira. A bakin ƙofa ta yi sallama a hankali, ta watsa geron a ƙasa. Har ta sha kwana tana waiwaye, ko tsuntsu ɗaya bai sauko ba.