Malamin Gona da Tsohon Littafinsa

Tunda ka ce kai ba ka taɓa sauya abin da malaminka ya koya maka, gyara zama in buga maka misali.

An yi wani malamin gona, mutum mai kuzari, irin wanda in abu ya yi masa daɗi sai unguwa ta sani. Damina uku yana yawo a kan babur ƙauye-ƙauye, yana bin gonakin manoma ɗari biyu da arba'in yana rubutawa: wane irin gero aka shuka, yaushe ruwa ya sauka, dami nawa aka ɗaure. Suka yi da manoman cewa ran Laraba za a taru a gindin tsamiyar kasuwa, ya faɗa musu wanda za su shuka cikin iri huɗu da aka gwada. Hadari kuwa ya riga ya fara leƙowa ta gabas. Ka san sha'anin noma, in iri ya shiga ƙasa babu tonowa, kuskuren yini ɗaya sai ya jawo yunwar shekara. Ana saura kwana biyu a yi taron sai ofishinsu ya ba shi sabuwar kwamfuta mai Linux, babbar manhajar nan da ake ɗauka kyauta, kowa na da ikon buɗe cikinta ya duba ya gyara. Murna kamar ta kashe shi. Abin da ya rage kawai ya ɗora mata R, yaren da masu ƙididdiga ke yi wa kwamfuta magana da shi, ta tace musu alƙaluma ta fito da abin da ido ba ya gani. Wannan kuwa bai dame shi ba. Shekara shida da suka wuce ya je wani kwas, malaminsu ya yi musu shiftar umarni biyar da ake bugawa R ta hau, shi kuma ya rubuta su da kyakkyawan hannu a wani littafi mai baƙin bango, ya adana a ƙasan akwati tare da takardun filinsa.

Ya ɗauko littafin, ya yi bisimilla, ya buɗe baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Layi na farko ya wuce, na biyu ya wuce, mutumin naka har ya fara kaɗa ƙafa yana fito. A na uku kwamfuta ta tirje, ta ce abin da ya aike ta ta ɗauko bai dace da ita ba. Ya sake bugawa, yatsa a kan littafi, harafi bayan harafi. Ta ƙi. Ya zargi intanet, ya rungumi kwamfutar ya hau tudun bayan ofis inda sabis ya fi ƙarfi, ya zauna cikin rana yana zufa. Ya zargi kwamfutar, ya zargi wanda ya sayo ta. Littafin kaɗai bai zarga ba, don a gidansu an raine shi a kan cewa abin da malami ya ba ka, ko ɗigo ba ka ƙara masa. Litinin ta tafi a haka, Talata ta yi rabi, ga iska ta fara kawo ƙamshin ruwa. Tsoro ya kama shi ƙwarai, ya hango kansa tsaye gaban dattawa babu abin faɗa. Da kunyarsa da komai ya nemo lambar wayar malamin nan na kwas, suka gaisa, ya karanto masa layukan. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce, “Kai, har yanzu wannan kake bi? Ni da na ba ku ai na bar shi tuntuni. Na Linux ɗin wancan lokaci ne, an yi sabon bugu uku bayansa. Duba bugun da ke kan kwamfutarka, ka je shafin masu R ka ɗauki umarnin da aka yi masa.”

Haka ya yi. Rubutu ya dinga kwarara a allo babu tsayawa, kafin shayinsa ya huce R ta buɗe tana jiran umarninsa. Ya daka tsalle, hula ta faɗi, yana ihu, “Ta hau! Wallahi ta hau!” har mai gadi ya shigo a guje da sanda. Ya zuba mata aikin damina uku, kafin la'asar ta zana masa amsa ƙarara: gajeren gero mai saurin nuna ya doke sauran, musamman a gonakin da ruwa ya ɗauke da wuri. Nan ya yi hamdala, domin da a ce ya je taron nan da ka, dogon geron da ya saba yabawa tun da ya kama aiki zai ce su shuka. Ran Laraba ya faɗa musu gaskiyar da ya gani. Ran Alhamis aka kwarara ruwa, washegari gari ya fita shuka.

Ka lura, malamin bai yi masa ƙarya ba, abin da ya ba shi daidai ne a ranar da ya ba shi. Kwamfutar ce ba ta wancan zamani ba, haka ma daminar. Shi ya sa Hausawa suka ce, karen bana shi ke maganin zomon bana.