Uban da Ba Ya Amsa Takarda

Tahiru tela ya buga tebur har alli ya yi tsalle ya faɗi ƙasa. Shekara huɗu ke nan yana shugabancin ƙungiyar iyayen yara a wata lakwal, wato makarantar firamare, da ke Zango, cikin Damagaram, kuma shi da kansa ya shaida cewa in dai wajen buga tebur ne, ba a taɓa yin Perzidan irinsa ba.

Ranar Asabar ce. Iyaye sun cika aji, sun takure a kan bencin yara, gwiwa na neman taɓa haɓa. Tahiru ya fito tun da sassafe, ko kunun da matarsa Hajjo ta dama bai tsaya sha ba. Ta biyo shi har zaure da wata takarda, ya ce ta tura ta cikin sauran. Shugaba ai takarda ba ta yanke masa.

Jawabin ranar ya yi masa daɗi a baki. Ya ce iyayen yanzu sun mai da lakwal makiyaya: a kora yaro da safe kamar akuya, da marece a ƙirga ƙafafu, in sun cika shi ke nan. Ya ce tarbiyya daga gida take farawa, ya kuma ba da misali da nasa gidan.

"Ɗiyata, ko a hanya muka haɗu, wucewa take kamar ba ta gan ni ba. Kunya ke nan! Wa ya koya mata? Gida!"

Aka tafa. Ya zauna yana gyara wuyan riga.

Sai Madam Rahina, malamar ajin ƙarshe, ta nemi izinin magana. Ta ce akwai wata yarinya a ajinta mai kaifin kai, abin da duk ta ji da kunne ya zauna. Amma ba ta ganin allo. An dawo da ita bencin gaba, duk da haka sai ta matse ido, ta gaji, ta koma kwafar na maƙwabciyarta, daidai da kuskure duka. Jarrabawar da za ta kai ta kwaleji saura wata biyu. Abin da ake nema bai wuce a kai ta likita a duba idon ba.

"Sau uku ina aika wa mahaifinta takarda," in ji ta. "Uwar ta zo, ta ce sai abin da maigida ya ce. Maigidan kuma ba ya zama."

Jinin Tahiru ya tafasa. Ya miƙe ya ce wannan mutum ba uba ba ne, baƙo ne da ke kwana a gidan. Ya ce da shi ke da iko, da uban za a fara kaiwa likita, don makantar tasa ta fi ta yarinyar. Ajin ya kwashe da dariya, shi ma ya ji kalmar ta zauna, ya sake maimaita ta.

"Faɗi sunansa, Madam!"

Madam Rahina ta dubi ƙasa. "Perzidan, a bari a tashi, mu yi magana a gefe."

"Ni ba na ƙus-ƙus. In ba za ki faɗa ba, yau ɗin nan za ki kai ni ƙofar gidansa."

Ta ce to, amma su biyu kaɗai. Tahiru ya yarda, yana girgiza kai. Tausayin mata ke ɓata irin waɗannan iyaye.

Aka tashi taro, suka kama hanya a ƙasa, ita gaba, shi baya. Masu kabu-kabu na yi masa hon, yana ɗaga musu hannu ba tare da ya dube su ba, don yana shirya abin da zai faɗa. Zai fara da taushi, da aya da hadisi. In mutumin ya kawo uzurin aiki, sai ya tambaye shi: wa ya fi ni aiki a garin nan? Ga shago, ga taro, ga sulhu tsakanin iyaye da malamai, wani lokaci sai bayan isha'i nake ganin gida.

Da suka karya kwana bayan masallaci, sai ya ga ashe unguwarsu ce. Da suka shiga lungun masu gyaran rediyo, sai zuciyarsa ta yi fari fat. Idirisu! Maƙwabcinsa Idirisu, wanda bai taɓa taka taron iyaye ba, wanda ke kiransa Perzidan-ba-albashi a gaban mutane, kuma yana da ɗiya a lakwal ɗin. Lallai Allah ba ya barci. Tahiru ya soke aya da hadisin, ya ce wannan kai tsaye za a shiga.

Ga Idirisu kuwa zaune a kan tabarma a ƙofar gidansa, ya baje cikin wata tsohuwar rediyo. Tahiru ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ja numfashi.

Madam Rahina ta gai da Idirisu, ta ce ɗiyarsa tana ƙoƙari ƙwarai, a ci gaba da duba mata karatu kamar yadda aka saba. Sannan ta ƙara taku goma, ta tsaya a ƙofar da ke gaba, ta yi sallama, muryar Hajjo ta amsa daga ciki.