Itatuwa Bakwai na Mama

Shekara tara ke nan Longji yana aikin jinya a wani asibiti a Largo, can ƙasar waje, bai taka ƙasar Filato ba. Duk Asabar yakan kira ƙanwarsa Talatu, mai riƙe da gonar kofin gidansu, ta zagaya da shi ta waya yana kallo. A bakin gonar akwai tsofaffin itatuwan kofi bakwai da marigayiya mahaifiyarsu ta dasa da hannunta. Bai samu zuwa jana'izarta ba. Gaban itatuwan nan yake sa Talatu ta tsaya, ya yi ta kallo.

Farkon damina Talatu ta juya masa bayan wani ganye na tsofaffin itatuwan. Ga wani gari mai launin ruwan lemo, yana kama yatsa. Ta ce malamin gona ya zo ya duba, ya ce tsatsar kofi ce, iska ke kwasar garin daga itace zuwa itace. A sare bakwai ɗin nan a ƙone, a yi wa sauran feshi tun da wuri.

"Yaya, kai da ke wuni a asibiti, ai ka fi ni sanin cuta."

"Na ce kada a taɓa su sai na zo. Disamba na nan tafe."

"Ita iskar ma Disamba za ta jira?"

Ya kashe wayar. Tunda babban wa ya yi magana, Talatu ta mai da gatari ɗaki. Feshin da take yi ruwan sama ya yi ta wankewa, tushen cutar kuwa na nan tsaye.

Kafin ruwa ya ɗauke ganye ya zube, 'ya'yan kofi suka bushe a reshe tun ba su nuna ba. Cutar ta tsallake shinge ta cinye gonar maƙwabcinsu Baba Bartholomew, tsohon da ba shi da wata madogara.

Wata Asabar Longji na zaune cikin mota a bakin asibiti, Talatu ta nuna masa gonakin biyu. Rassa ne tsirara har iyakar gani. Ya roƙe ta ta kai wa dattijon wayar ya ba shi haƙuri. Ta je, ta dawo ita kaɗai.

"Ya ce ba sai kun yi magana ba. Wai ranar da ka zo, ka biyo ta wurinsa ka taya shi tumɓuke matattun itatuwan."

Jama'a, kewar gida ba laifi ba ce, amma wanda ke nesa kada ya ɗaure hannun wanda ke cikin gona. Cutar da iska ke ɗauka ba ta jiran hutun kowa, ba ta kuma san iyakar gona ba.