Layi a Wuyan Zalɓe

Ranar Talata, ruwa tun safe. Hamdan ya warware zane na uku a kan teburin mahaifinsa a unguwar Edmonton, can ƙasar Turawa, ya ja tsaki.

Zalɓe ne a cikin ciyawar fadama, an zana shi a kan siliki a Japan shekara ɗari biyu da suka wuce. Wani ya ja masa layi da jan biro a wuya, daga gefe zuwa gefe. Haka aka yi wa birin da ke zane na farko, haka aka yi wa tsohon masunci na biyu.

Mahaifin nasa, Alhaji Sa'ad, yana zaune a kujerarsa, sanda tsakanin gwiwoyi. Shekara talatin ya yi yana ɗaukar kaya a wani shagon kayan tarihi. A can ya koyi naɗe irin waɗannan zanuka, ya tara guda bakwai, kowanne da akwatinsa na katako. Tun da likita ya ce zuciyarsa ta gaji, ya mai da sallarsa baranda, ya rage magana.

Mutum ɗaya ke shiga ɗakin ban da shi: Kaneng, 'yar Filato, mai jinyar da ke zuwa daga Dagenham kullum a bas biyu.

"Baba, na rantse ban taɓa buɗe akwatin nan ba," in ji ta. Alhaji take kallo, ba Hamdan ba.

"To aljani ne?" Hamdan ya ce. "Gobe zan yi reporting ɗinki ga agency ɗin da ta turo ki da police. Ke da aikin jinya a ƙasar nan har abada."

"Ina da yara biyu, Yallaɓai."

Alhaji ya buɗe baki. Hamdan ya ɗaga masa hannu. "Baba, ka bar min wannan. Jiya ma ka bar gas a kunne. In aka ƙara irin haka, care home za mu yi magana, na gaya maka."

Tsohon ya rufe bakinsa. Ya san gidajen ajiye tsofaffin nan. Ya taɓa kai ziyara ɗaya, ya ga abokinsa zaune gaban talabijin, ba wanda ya san inda alƙibla take.

Kaneng ta jera masa magungunan yamma a faranti. Ta gyara masa bargo, ta fita cikin ruwa ba lema. Alhaji bai ci abinci ba ranar.

Washegari da safe ya sa babbar rigarsa, ya jira su biyun suka iso. Ya buɗe akwati na huɗu, ya warware zanen gauraka a kan teburi, ya zaro jan biro daga aljihu. A gabansu ya ja layin a wuya.

"Ka ƙyale yarinyar nan," ya ce wa ɗansa. "Ni nake yanka su ɗaya bayan ɗaya. Ba zan cika a ɗakin da mala'iku ba sa shiga ba."