Layin Shagon Dabo

Hambali ya danna madanni ɗaya, saurin intanet ɗin shagon Dabo ya faɗi warwas, shi kuwa har da murmushinsa.

Shi ke sayar wa shaguna intanet daga Birnin Kudu har Gwaram. Dabo, mai tura wa mutane fina-finai a waya, yini yake a kan torent, hanyar nan da fayil ke tahowa kai tsaye daga kwamfutar wani zuwa taka. Abin bai taɓa damun Hambali ba, sai ran kasuwar Gwaram da Dabo ya ce a gaban jama'a wai jakin ƙauyen Kwandiko ya fi layin Hambali sauri, kuma ina ɗan makaɗi ya san na'ura. Aka yi ta dariya. Maganar ta tsaya wa Hambali a rai.

Mahaifinsa kam makaɗi ne, marigayi mai waƙar noma a Zandam, gara ta cinye kaset ɗinsa tuntuni. Kwanan nan Hambali ya ci karo da waƙoƙin a torent, a hannun mutum ɗaya tak da bai sani ba, ya fara sauke su. Mahaifiyarsa, Inna Hapsatu, na kwance jiki ya ƙi, ba ta da roƙo sai ta sake jin muryar mijinta. Sai fayil ɗin ya gama sauka zai buɗu, kuma saura ƙiris.

A makon da ya danna madannin nan ne saukar ta fara jan ƙafa. Hambali ya yi ta tsine wa babban kamfanin da yake sayen layi a wurinsa, ya huce haushinsa a kan Dabo, ya ƙara maƙure masa layi.

Dabo ya hau babur har ofis, ya ba da haƙuri, ya ce kwastomomi duk sun gudu. Hambali ya miƙa masa ruwan sanyi.

"Matsalar daga sama ce, Malam Dabo. Ina ɗan makaɗi zai iya gyara ta?"

Ba a jima ba Dabo ya goge kwamfutarsa tas, ya sayar, ya tafi Kano tuƙin adaidaita. Hambali ya ji sanyi har cikin ransa.

Ya koma ofis ya tarar saukar ta tsaya cak, mai bayarwar ya ɓace. Sai a lokacin ya buɗe lambar kwamfutar mutumin, ko zai gano garinsu ya je ya roƙe shi.

Lambar da shi da hannunsa ya ba shagon Dabo ce.