Gurbin Sunan Ɗan Fari

Duk mai gina wa mutane abu bai zauna cikinsu ba, ya kasa kunne ya ji wannan.

An yi wani mai rubuta manhaja, Tanimu, mutum ne mai ƙwazo, sai dai ba ya son a gaya masa. Aka ba shi aikin rubuta wa wani ƙaramin asibitin ƙauye manhajar rajistar yara masu tamowa, domin duk sati na'ura ta fitar da jerin gidajen da za a kai wa ƙunshin abincin jinya. Na'urorin da aka raba wa ma'aikata tsofaffi ne, ƙwaƙwalwarsu ba ta fi cikin cokali ba, da an ɗora musu kaya sai su tsaya cik. Sai Tanimu ya yi dabarar rage musu nauyi. Ya tsara cewa in aka shigar da yaron da sunansa da sunan ubansa suka yi daidai da na wanda ke ciki, to shi ne ya dawo awo, na'ura ta shafe tsohon bayani ta ɗora sabo. Ya gwada da sunayen abokansa goma, komai ya tafi sumul, ya ji daɗin kansa.

Ranar da ya kai aikin, wata tsohuwar ungozoma mai taimaka wa asibitin, Goggo Lantana, ta leƙa ta kafaɗarsa ta ce, "Ɗan nan, in aka bar wurin sunan fili fa?"

Ya ce, "Haba Goggo, wace uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba?"

Ta ce, "Sani daban, faɗa daban. A garin nan mace ta kama sunan ɗan farinta da na mijinta a gaban baƙo? Ko da wuƙa a wuya ba ta yi. Kai a bishiya aka tsinko ka?"

Ya yi dariya ya ce wannan zancen da ne, zai duba in ya samu sarari. Ya hau mota ya koma birni, sararin kuwa bai zo ba.

Damina ta yi tsakiya, hatsi ya ƙare a rumbuna, yara suka fara ramewa. Mata suka cika rumfar asibiti. In ma'aikaciya ta tambayi mai goyon fari sunan yaro, sai ta sunkuyar da kai. In ta tambayi sunan uba, sai ta ja mayafi ta rufe baki. Layi ya yi tsawo, rana na dukan mutane, sai ma'aikaciya ta tsallake guraben biyu, ta auna damtsen yaro, ta rubuta unguwa da kwatancen gida, ta danna. Na'ura ba ta da kunya, ba ta kuma san masu kunya ba. A wurinta fili da fili suna ɗaya ne. Kowane ɗan fari da ya shiga sai ya shafe wanda ya riga shi. Goma sha bakwai aka auna, ɗaya tal ya rage a jeri. Littafin rajista na takarda kuwa tuni aka jefa shi a kwali, tunda an ce zamani ya zo.

Bayan sati shida Goggo Lantana ta kira shi a waya. Ba ta gaishe shi ba. Ta ce wata yarinya da ta riƙe da hannunta aka auna ta, jiya aka rufe ta, ba a taɓa kai abinci gidansu ba. Tanimu ya zo a gigice. Ya fara ɗora laifi a kan sabis, ya koma kan batir, ya ce ma'aikata ne ba su iya dannawa ba. Kwana uku yana tonon inda babu komai, domin mutum ba ya son leƙa ramin da ya haƙa da kansa. A rana ta huɗu ya zauna, ya shigar da yara biyu marasa suna da hannunsa, ya buɗe jeri ya ƙirga. Ɗaya. Gyaran bai wuce layi uku ba: a ba kowane yaro lambarsa, a daina dogara da suna. Kafin kunu ya huce ya gama. Amma abin da aka shafe ya shafu, babu inda zai tono kwatancen gidajen nan.

Sai suka bi ƙauyen da ƙafa, shi da tsohuwar, gida gida, cikin taɓo. Sun samu wasu da sauran numfashi. A gida huɗu kuwa tabarmar gaisuwa aka shimfiɗa musu. A na ƙarshe uwar ta fito, ba ta yi kuka ba, ta durƙusa ta ajiye masa kwanon ruwa ta ce, "Malam, mun gode da ka tako har nan. Allah ya ba da lada." Ba ta san hannun wa ke cikin rashin nan ba. Shi ya sani. Ya ɗaga kwanon ya kai baki, ya ajiye bai sha ba.

Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.