Fuskar da Ma'aruf Bai Rufe Ba

Ummu Hani ta fito zauren gidan kawunta a Mafara, ko zama ba ta yi ba. Ma'aruf ya miƙe, jakar kyamara a kafaɗarsa.

Shi ya ɗauki bidiyon mahaifinta a ƙauyensu Gidan Goga yana ba da labarin 'yan bindiga, aikinsa na farko da wani gidan talabijin ya saya. Ya yi alkawarin rufe fuskar dattijon, gaggawa ta mantar da shi. Ranar da aka haska, gidan su Ummu kaf suka gudo nan don tsoron ramuwar 'yan bindigar.

"Ummu, bari in ba Baba haƙuri."

"Ya yafe maka," ta ce, idonta a ƙasa. "Gonarsa ce dai ba zai sake takawa ba."

"To, maganar aurenmu fa?"

Ta daɗe tana duban jakar.

"Kullum na gan ka, ita nake fara gani."